Ranar da Aka Auna Kunnena a Gwiwa

Ba zan taɓa mantawa da bikin sunan nan na garin Gwiwa ba, ko da mantuwa ta kwashe duk sauran abin da ke kaina. Kada ku tambaye ni shekarar Turawa, ni ban yi boko ba, ko ƙofar aji ban taɓa leƙawa ba. Abin da na sani, damina uku ke nan bayan cutar nan da ta sa manya da yara ɗaure baki da ƙyalle. Shekarar ce turmin haƙorina na ƙarshe ya faɗi a cikin ƙosai (ƙosai fa, ba ƙashi ba), wata biyu bayan iska ta yaye kwanon ɗakin aminiyata Tabawa ta kai shi gonar liman. An gama yankan gero, dawa ba ta shigo gida ba. Mai lissafi ya lissafa.

Ni mai huda kunne ce. Daga nan Roni har Yankwashi, har ƙauyukan Babura, in kun ga mace ɗan kunnenta zaune daram a tsakiya, bai leƙa gaba ba bai koma baya ba, ku tambaye ta hannun wa. Na huda wa uwa, na huda wa 'yarta, na huda wa jikarta. Ba yabon kai ba ne, gaskiya ce, ita kuwa gaskiya ko a bakin mai ita ta fito ba ta canza suna.

Wajen kakata Inna Dudu na gaji sana'ar. Gidanmu babban gida ne, mata masu huji sun kai biyar, allura kuwa duk kamarsu ɗaya, kullum ana rigimar wannan tawa ce, a'a tawa ce. Sai Inna ta kawo dabara. Ranar da za a ba yarinya sana'a, sai a auna kunnenta da zare daga sama har ƙasa, a kai wa maƙeri ya ƙera mata allura daidai wannan tsawon. In gardama ta tashi sai a kara allurar a kunne, nan take a san mai ita. Ni an ƙera mini tawa ana saura shekara guda a kai ni ɗakin mijina Malam. Ranar Inna ta ce da ni, "Ki riƙe wannan. Ido da girmansa ake haihuwarsa, har kabari ba ya ƙaruwa. Kunne kuwa ranar da yarinya ta fara ɗaura zani a ƙirji yake tsayawa." Na riƙe. Na riƙe fiye da yadda na riƙe wasu surorin ma, Allah ya yafe mini.

Kuma ina da dalilin riƙewa, don Allah ya yi mini 'yan kunnuwa ƙanana, kamar ganyen magarya. Marigayi Malam, mutumin da ya shekara arba'in yana cin tuwona bai taɓa cewa miya ta yi daɗi ba, ya taɓa dubana ya ce, "Kunnenki dai ba laifi." Wannan kalma na yi ta tauna ta har ya koma ga Mahaliccinsa. Sauran masu allura na gidanmu, wasu aure ya kai su nesa, wasu ƙasa ta rufe, ba wanda ya sake yi mini gardamar allura, don haka ban sake kara ta a kunne ba. Me zan auna? Madubi kuwa sai na gama ɗaurin ɗankwali nake ɗauka, in sa kwalli in ajiye.

To jikata Hafsatu, 'yar babban ɗana, a Gwiwa take aure. Maza biyu ta jero mini, ba kunnen hudawa. Na yi ta yi mata tsiya ina cewa ta mai da ni marar aikin yi. A na uku Allah ya kawo mace, aka aiko cewa sunana za a sa mata. Takwarata! Kwana shida ina goge allura da toka, har Tabawa ta ce in ban yi hankali ba zan goge ta ta ƙare.

Ranar suna na fito da atamfata da aka aiko mini daga Babura, irin wadda ake shigowa da ita daga tsallaken iyaka, na naɗa ɗauri ya tashi sama kamar hasumiya. A nan sai na faɗa muku wani abu, tunda na ɗauki hanyar tonon kaina. Gashi ya daɗe da yi mini sallama. Abin da ya rage bai fi a kama da yatsu uku ba, shi ma fari fat kamar kaɗa. To don ɗauri ya zauna, nakan dunƙule tsofaffin safar Malam guda biyu da guntun tsumma in ɗora a tsakar ka, in naɗe. Duk Roni an san ni da cikar gashi. Tabawa kaɗai ta san gaskiya, don ita ke kama mini ɗan abin da ya saura.

Ɗan acaɓa ɗaya muka hau ni da ita, don ta ce ba za ta hau ita kaɗai ba, wai in za a faɗi a faɗi tare. Ina tsakiya, hannu ɗaya dafe da ɗauri, ɗaya dafe da 'yar battar allura a ƙugu, Tabawa a baya tana salati a kowane rami. Muka isa da hantsi, an riga an raɗa suna, maza sun watse, mata sun cika tsakar gida. Ga waina, ga kunun kanwa, ga tukwane a kan murhu. Aka yi mini guɗa, aka shimfiɗa mini darduma a gindin darbejiya, aka ɗora mini jaririya a cinya. Na buɗe kunnenta na duba. Tubarkalla, kunne kamar an zana.

Sai Hafsatu ta matso, ta yi ƙasa da murya. "Iya, kada ranki ya ɓaci. Dangin babanta sun ce Anti Bilki ce za ta huda mata, da sabuwar allura irin ta asibiti."

"Wace ce kuma Bilki?"

"Ƙanwarsa, wadda ke aiki a ɗakin shan magani."

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa a watan sanyi. Kafin in buɗe baki sai ga Bilkin ta zo, ta durƙusa har ƙasa, "Iya, ina wuni? An zo lafiya? Ya hanya?" Yarinya mai ladabi, ba ta ko haɗa ido da ni. Da ta zo da rashin kunya da na san yadda zan yi da ita. Mai ladabi ita ce wahala, ba ta ba ka inda za ka kama.

Na ce a raina, bari in nuna wa gidan nan wace ce ta zo. Sai Allah ya kawo hanya. Uwar mijin Hafsatu, Hajiya Abu, ta leƙo fuskar jaririya ta ce, "Kai, wannan idanu dara-dara, in ta girma ina za ta kai su?"

Na gyara zama, na ɗaga murya yadda na bakin murhu ma za su ji. "Ba inda za ta kai su, Hajiya. Ido ba ya girma. Da wanda aka haife ka da shi za a binne ka, fuska ce ke girma ta tarar da shi. Kunne kuma da yarinya ta isa ɗaura zani ya tsaya cak. Wanda bai san wannan ba bai isa ya riƙe allura ba."

Mata suka ce, "Ikon Allah!" "Ka ji manya!" Na ji daɗi har cikin ƙashina.

Sai wata 'yar murya daga gefe. "Iya, a yi mini aikin gafara."

Bilki ce.

"Ido yana girma, Iya. Na jariri bai kai na babba ba, a hankali yake ƙaruwa har mutum ya balaga. Kunne kuma ba ya tsayawa, yana ta ƙara tsawo kaɗan-kaɗan har tsufa. Balle in ana sa masa 'yan kunne masu nauyi."

"Wa ya faɗa?"

"A makaranta aka koya mana."

"Ita makarantar kunne nawa ta huda?"

Aka tuntsire da dariya, dariyar kuma tawa ce, ni na ci. Da ina da hankali da a nan na tsaya, in karɓi wainata in ci. Amma an ce baki shi ke yanka wuya. Na ji Tabawa tana jan gefen zanina tana cewa, "Ke, bar shi haka. Ke, ci waina." Na fizge.

Na kwance battar, na zaro allura na ɗaga sama. Na ba su tarihin Inna Dudu da maƙeri da zare, ban rage komai ba. Na ce, "Ido dai ba zan ƙwaƙulo in auna muku ba. Amma kunne ga shaida a hannuna. Wannan allura tsawon kunnena ce tun ban san ɗakin miji ba. A kara ta yanzu a gaban kowa. In kunnena ya wuce ta da ko ƙwayar gero, na ajiye sana'a daga yau, ke Bilki ki huda takwarata. In kuwa ya zo daidai, ki mai da allurarki cikin jaka ki zo ki riƙe mini kan yarinya."

Bilki ta ce, "Iya, don Allah ba sai an kai ga haka ba."

Na ɗauka tsoro ta ji. (Ashe tausayi ne. Wallahi da na san tausayi ne da na karɓa hannu biyu.)

Tabawa ta ce, "Na shiga uku, yau za mu koma Roni a ƙasa."

Aka ce Hajiya Abu ta auna, ita ce babba a gidan. Na miƙa wa Hafsatu jaririya, na ɗan tura gefen ɗauri sama. Sai wata daga baya ta ce, "Ai ɗankwalin ya danne saman kunnen, ba a gani." Wata ta ce, "Ko dai ɓoyewa ake yi?" Ɓoyewa! Ni! Zuciya ta ɗebe ni, na manta da duniya da abin da ke cikinta, na sa hannu na fizge ɗaurin gaba ɗaya.

Jama'a, dunƙulen nan ya yi tsalle. Ina ganinsa ya dira a kan darduma, ya gangara a hankali, ya bi ta tsakanin kwanukan waina kamar mai neman wani, ya je ya tsaya a ƙafar Hajiya Abu. Da ya tsaya sai ya warware. Safar Malam ɗaya ta miƙe a ƙasa, da hujinta a wajen babban yatsa. Wata kaza ta zo ta duba ta, ta kai mata sara ɗaya, ta ga ba abin ci ba ne ta wuce.

Iska tana kaɗa mini tsakar ka, wurin da rabonsa da ganin rana tun ana kashe kwabo.

Hajiya Abu mace ce mai dattako. Ta tsallake safar kamar ba ta gani ba, ta karɓi allura, ta ce bismillahi, ta kara kanta daidai saman kunnena na dama. Na ji sanyin ƙarfen. Na miƙe wuya ina jiran guɗa. Shiru. Na ji yatsanta yana bin kunnen yana sauka, yana sauka.

"Iya," in ji ta.

"Na'am."

"Da saura."

"Sauran me?"

"Sauran kunne. Allura ta ƙare, kunne bai ƙare ba."

Na ce ba ta kara daidai ba. Ta sake. Na ce ta karkata hannu. Aka kira wata ta riƙe saman, ita ta riƙe ƙasan. Abin da ya yi saura ya kusa gaɓar ɗan yatsa. Na ce to allurar ce ta ƙanƙance, shekara nawa ana sa ta a wuta, ko mutum ne ai ya motse. Na ce a gwada na hagu, dama da na hagu aka auna (ƙarya nake yi, na dama ne). Aka gwada na hagu. Na hagun ya fi na daman tsawo.

A nan Tabawa, aminiyata ta shekara sittin, wadda muka ci gero ɗanye tare, ta miƙe tsaye ta riƙe ƙugu ta ce, "Tun muna yara ake ce mana kunne ya girmi kaka. Yau dai ga shi na gani da idona!"

Gidan ya fashe. Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Masu tuƙa tuwo suka saki muciya. Wata ta ƙware da kunu ana bubbuga mata baya. Hafsatu ta riƙe ciki tana cewa, "Wayyo Iya, ki bari, jego nake yi!" kamar ni nake yi mata cakulkuli. Wata shaƙiyyiya ta rangaɗa guɗa. Maza daga waje suka aiko a ji ko lafiya, aka ce a gaya musu lafiya lau, awo ake yi.

Na juya na ce da Tabawa, "Ke da kike kama mini kai, ba ki taɓa gani ba?"

"Na gani mana. Shekara ashirin ina kallonsa yana gangarowa kafaɗa."

"Shi ne ba ki faɗa mini ba?"

"In faɗa miki in kwana a ina? Ke da ko tsamin miyarki ba a faɗa miki?"

Sai abin ya zama wasa. Tsofaffin gidan kowa ta kama kunnenta tana shafawa. Aka karyo tsinken tsintsiya, wannan ta auna na waccan, waccan ta auna na 'yarta, ana gwadawa ana ihu. Duk wadda ta haura sittin sai a tarar nata ya fi na 'yarta. Aka kama Tabawa da ƙarfi aka auna, nata har ya fi nawa, na ce alhamdulillahi, Allah ba ya barci. Hajiya Abu da kanta ta ce a gwada nata, da ta ga tsinken ta ce, "La'ilaha illallahu, da wannan nake yawo?"

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, ko in ce ta cije gefen mayafinta ta haɗiye. Bilki ta ɗauko ɗankwalina ta kakkaɓe, ta rufa mini a kai, ta tattara safar Malam ta cusa mini a hannu a ɓoye. Sannan ta durƙusa ta ce, "Iya, ai maganarki ba ta faɗi duka ba. Akwai abin da ba ya girma, kuma a kunnen yake. Can ciki, bayan inda ake sa tsinke, akwai wasu 'yan ƙasusuwa guda uku da ake ji da su. Ƙaramin cikinsu bai kai ƙwayar shinkafa ba. Su kam kusan da girmansu ake haihuwar mutum. Na wannan jaririyar da naki kusan ɗaya ne."

Na yi wuf na cafke. "To! Kun ji! Ai su nake nufi tun ɗazu!"

Tabawa ta ce, "Sai ki huda su mu gani, ki sa musu ɗan kunne."

Aka koma sabuwar dariya. Ni ma a nan ta ƙwace mini, na yi ta har hawaye ya wanke kwallin.

Amma magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Na faɗa a gaban mata sun fi arba'in. Na mai da allurar Inna Dudu cikin batta, na rufe, na miƙa wa Hafsatu na ce ta ajiye wa takwarata, ko ba ta huda da ita ba, ta san daga inda ta fito. (Dama hannuna ya fara 'yar rawa tun bara waccan, ban dai faɗa wa kowa ba.) Shekara bakwai ina jiran kunnen nan, ga shi a gabana, bakina ya raba ni da shi.

Bilki ta wanke hannu, ta sa safar roba, ta farke takarda ta fito da sabuwar allura tana ƙyalli. Ta kama kunnen yarinya. Ta saki. Ta koma ɗaya gefen ta kama. Ta karkata kai ta duba ta nan, ta duba ta can. Sai ta ɗago.

"Iya, ni fa allurar rigakafi na ƙware a kai. Hujin da na yi wa 'yata, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa."

Hajiya Abu ta ce, "Ƙwarai kuwa. Kullum yarinyar kamar tana sauraron maganar maƙwabta."

"Ki sa mini alama, Iya. Inda kika ɗiga nan zan huda."

Na so in ja aji, in ce ai makaranta ta koya muku komai. Na tuna safa tana hannuna, na fasa. Na ce a kawo kwalli. Na ɗora takwarata a cinya, na murza ɗan fatar kunnen da yatsu biyu har na ji inda ya fi taushi, na ɗiga. Na juya ta, na ɗiga ɗaya. Kuma ban ɓoye muku ba, na ɗan matsa da ɗigon sama kaɗan da inda na saba sawa shekara sittin. Tunda yanzu na san tafiyar kunne ba ta ƙarewa, gara a bar masa wurin sauka. Bilki ta huda, yarinya ta tsala ƙara, aka yi guɗa. Ni na riƙe kan.

Da la'asar muka hau acaɓa, ɗaurina ya kwanta laƙwas kamar an zauna a kai. Tabawa a baya ta ce in tattare kunnuwa kada su shiga ƙafar babur. Ban kula ta ba har Roni.

Abin da na koya, in za ka rantse, rantse da abin da ke nesa, kamar wata ko dutsen Kazaure, wanda ba mai iya kawo tsinke ya auna. Kada ka rantse da abin da ke manne a jikinka, don shi kowa na gani sai kai. In kuma rantsuwar ta zama dole, to a tuna abin da ke ƙarƙashin ɗankwali tukuna.

Cikin waɗanda suka ga wannan rana, Hajiya Abu ta rasu bara da azumi, Allah ya jiƙanta, har ta koma ba ta taɓa ambata mini safa ba. Wadda ta yi guɗar ma an ce ta riga mu gidan gaskiya, na yafe mata. Bilki tana nan, an mai da ita Kazaure, in an kawo mata jaririya mace takan aiko a ɗauke ni in je in ɗiga. Hafsatu tana nan, ta ƙara namiji. Takwarata tana gudu ko'ina, 'yan kunnenta zaune daram, duk wanda ya yaba sai in ce aikina ne, ban cika bayani ba. Tabawa tana nan da ranta da bakinta, ba abin da ya ragu. Sai ni, da su waɗannan biyun da ke gefen kaina. Jiya na shafa su, ina jin har yanzu ba su isa inda za su ba.